Babi na Shida: Ana Gadon Gona, Ba a Gadon Murya

A ƙasar Faskari, kamar sauran ƙasashen noma na kudancin Katsina, idan magidanci ya rasu a tsakiyar damina ba a zama shawara a kan ko za a ƙarasa masa aikin gona. Masara ta kai gwiwa, ciyawa ta taso, taki yana jiran a zuba. Kafin a gama karɓar gaisuwa 'yan'uwa da maƙwabta sun ɗauki fartanya da garma sun yi masa maimai da huɗa. Babu mai cewa an ci amanar mamaci don wani hannu ya kama ƙotar da ya ajiye. Amma duk wanda ya san gonar, idan ya bi ta gefenta, zai gane inda kunyar mai gona ta tsaya da inda ta magaji ta fara, domin kowane manomi da faɗin kunyarsa da yadda yake karya ta idan ya kai iyaka. Abin da wannan babi yake son tabbatarwa shi ne labari ma haka yake. Idan marubuci ya rasu ya bar jerin littattafan da jama'a suke ƙauna, ya halatta, sau da yawa ma ya kyautu, wani ya ɗora daga inda ya tsaya. Sai dai abin da magajin yake gada shi ne gonar, wato duniyar labarin da mutanenta da ƙa'idojinta. Muryar marubucin kuwa tare da shi aka binne ta, kuma babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar a labarin ban dariya.

Misalin da ya fi shahara a wannan zamani daga Ingila ya fito. A 1978 gidan rediyon BBC ya fara watsa wani wasan barkwanci na Douglas Adams mai suna The Hitchhiker's Guide to the Galaxy, wato jagorar matafiyin da ke neman a rage masa hanya a tsakanin taurari. A 1979 wasan ya zama littafi. Labarin wani bawan Allah ne, Arthur Dent, wanda ya wayi gari katafila tana ƙofar gidansa za a rushe shi don a yi titi. Kafin ya gama jayayya da ma'aikatan, sai ga wasu halittu daga sama sun zo rushe duniyar baki ɗaya, su ma don za su yi titi a sararin samaniya. Hujjarsu iri ɗaya ce da ta masu katafila: ai an kafa sanarwa tun tuni, laifin wanda bai je ya karanta ba ne, ko da kuwa an kafa ta a inda ƙafar ɗan Adam ba ta iya zuwa. A cikin labarin akwai butum-butumi mai kaifin basira da ba ya rabuwa da baƙin ciki, akwai kuma kwamfutar da ta shafe shekara miliyan 7 da rabi tana lissafin amsar sirrin rayuwa, daga ƙarshe ta ce amsar ita ce 42, sai dai ba a san tambayar ba. Adams ya rubuta littattafai 5 a wannan jeri. Na ƙarshe, wanda ya fito a 1992, ya rufe shi da halakar duniya da ta taurarin labarin, kuma shi da kansa ya nuna daga baya cewa ƙarshen ya yi ɗaci, yana fatan ya rubuta na 6 ya sassauta. Ajali bai bar shi ba: ya rasu a watan Mayu na 2001 yana da shekara 49. A 2008 aka ba da sanarwar cewa Eoin Colfer, ɗan ƙasar Ailan, marubucin jerin littattafan yara na Artemis Fowl, shi zai rubuta na 6, da amincewar matar marigayin, Jane Belson. Littafin ya fito a watan Oktoba na 2009, daidai lokacin da na farko ya cika shekara 30, masu karatu kuma suka rabu: wasu suka yi murnar sake haɗuwa da tsofaffin abokai, wasu suka ce riga ce ta mamaci aka sa wa wani.

Bahaushe mai karatu ba baƙo ba ne a wannan gardama, ko da bai taɓa jin sunan Adams ba, domin littafin da aka fi buɗewa a gabansa duk watan azumi aikin hannu biyu ne. A masallatan Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, kamar a na Kano da Zariya, mai jan baƙi yakan ja aya, malam ya duba Jalalaini ya fassara. Sunan littafin kansa yana nufin Jalalu biyu. Jalaluddin al-Mahalli ya fara tafsirinsa daga Suratul Kahfi ya kai Nasi, ya dawo ya yi Fatiha, sai rai ya yi halinsa a 1459. Ɗalibinsa Jalaluddin al-Suyuɗi, wanda a lokacin bai kai shekara 25 ba, shi ya ɗauko daga Baƙara zuwa ƙarshen Isra'i ya cike giɓin cikin kwana 40 ko kusa da haka. Wannan ne dalilin da ya sa a bugu da yawa za ka tarar da tafsirin Fatiha a ƙarshen littafi, a manne da rabon Mahalli. Suyuɗin nan kuwa ba baƙon Katsina ba ne, domin har wasiƙar nasiha ya rubuto wa sarakunan wannan yanki, ciki har da Sarkin Katsina Ibrahim Sura. Fiye da shekara 500 ke nan ana karanta littafin, ba a ji wani malami ya rufe shi a ƙarshen Isra'i ya ce daga nan hannu ya canza ba. Al'adar da ta karɓi wannan a fagen da ya fi kowane fage tsanani ba za ta ce ƙarasa aikin mamaci abin kunya ne a fagen hira da nishaɗi ba.

Akwai kuma tahamisi, wanda ya fi kusa da batunmu. Mawaƙi yakan ɗauki waƙar wani mai ɗango biyu-biyu, ya ɗora ɗango uku nasa a kan kowane baiti, ta koma mai biyar-biyar. Ishiriniyar da ake rerawa a zaurukan Hausa haka take: asalinta na Alfazazi ne, mutumin Andalus, tahamisin kuma na Ibn Mahib. Malaman Sakkwato ma sun yi wa juna wannan hidima, ɗa ya yi wa waƙar uba, ƙane ya yi wa ta wa. Abin lura a tahamisi shi ne ladabinsa. Mai ƙari ba ya goge ko harafi ɗaya na mai asali, ba ya ɓoye sunansa, dole kuma ya bi ma'aunin waƙar da amsa-amonta. Amma ɗangogin da ya ƙara nasa ne, da tunaninsa da kalmominsa. Ɗinki ne da aka bar zaren a fili da gangan.

Rubutun zube na boko ma a kan irin wannan karɓa-karɓa ya tashi. Lokacin da Rupert East ya shirya gasar rubuta littattafai a 1933, Abubakar Imam yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina, ya shiga da Ruwan Bagaja, labarin yawon Alhaji Imam da ramuwar gayya tsakaninsa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Imam bai ɓoye cewa ya amfana da littattafan Larabci ba, musamman Muƙamatul Hariri. A 1936 ya zauna a Zariya na wata 6 ya rubuta Magana Jari Ce, kuma bincike, musamman na Farfesa Ibrahim Malumfashi, ya nuna inda labarai da yawa suka fito: Dare Dubu da Ɗaya, tatsuniyoyin Jamusawa na 'yan'uwan nan Grimm, labaran Indiya na aku mai hana fita da hira, da sauransu. Duk da haka babu yaron da ya karanta littafin a firamare ya ji warin baƙunci a jikinsa. Irin na wasu ne, amma ƙasar da takin da hannun duk na Imam ne. Wani abin sha'awa ma shi ne a littafi na 3 Waziri Aku zama ya yi yana koya wa ɗansa Fasih dabarun ba da labari. Wato shi kansa littafin da muke ɗauka a matsayin gagara-badau ya rufe ne da maganar magaji, kuma abin da uban yake miƙa wa ɗan hanya ce da ƙa'ida, ba maƙogwaro ba.

A nan mai hankali zai iya tsayar da mu ya ce: ai misalin Jalalaini ya rushe da'awarku. Abin da ya sa aikin Suyuɗi ya karɓu shi ne ya bi salon malaminsa sau da ƙafa har ba a gane mahaɗin. To don me za a ce magajin marubuci kada ya kwaikwayi murya? Wannan suka ce mai nauyi, amsarta kuma tana cikin bambancin ayyukan biyu. Salon Mahalli ƙa'ida ce da ake iya koya: taƙaita magana, kawo ma'anar da ta fi rinjaye, nuna i'irabi inda ake buƙata, ambaton ƙira'a a gurguje. Mai karatu ma abin da yake nema ke nan, ya tarar da hanya ɗaya daga farko har ƙarshe. Dariya kuwa akasin haka take rayuwa. Ana dariya ne saboda magana ta faɗo daga inda ba a zata ba. Ranar da aka fara ba da labarin kwamfutar da ta ce 42, abin ya ba da dariya ne domin babu wanda ya hango shi. Magajin da ya sake kawo wata kwamfuta da wata lamba ya bi ƙa'ida daidai, amma ya kashe abin da ya sa ƙa'idar ta yi daɗi. Mai kwaikwayon barkwanci yana cikin tsaka mai wuya: idan ya yi kama da mai asali, an riga an san inda zai faɗa, idan bai yi kama ba, a ce ba shi ba ne. Mafita ɗaya ce, ya riƙe duniyar labarin da halayen mutanenta, sannan ya ba da mamaki da abin da shi kaɗai zai iya gani. A littafin Colfer ma, wuraren da suka fi rai su ne inda ya shigo da abin gidansu, kamar shugaban wata sabuwar duniya da ya ƙera da zolayar halayen da ake jingina wa mutanen Ailan. Wuraren da suka fi sanyi kuwa su ne inda ya yi ta tuna wa mai karatu tsofaffin barkwancin Adams.

Ba sai an je Ingila ba kafin a ga haka. Ɗan wasan barkwanci Rabilu Musa Ibro ya rasu a watan Disamba na 2014, kuma tun yana raye masu kwaikwayonsa suke da yawa. Hular da tafiyar da karkace baki duk ana iya aro. Abin da ba a iya aro shi ne sanin daƙiƙar da za a yi shiru da daƙiƙar da za a saki magana. 'Yan wasan barkwancin da suka tsaya da ƙafafunsu bayansa su ne waɗanda suka gaji fagen camama suka shiga da nasu hali. Haka abin yake ga Alhaji Mamman Shata, wanda ya yi zamansa a Funtuwa, maƙwabciyar Faskari, ya rasu a watan Yuni na 1999. Kalangu yana nan, amshi yana nan, ana ma iya haddace waƙoƙin kaf a maimaita su a wajen biki. Amma gwanintar Shata ita ce ƙirƙira nan take, ya dubi taro ya ɗauko abin da ke gabansa ya saka a waƙa. Wanda ya maimaita abin da Shata ya faɗa ya adana shi ne, kuma adanawa aiki ne mai daraja. Ita ce hidimar da Ibrahim Sheme, ɗan ƙasar Faskari, da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara da abokan aikinsu biyu suka yi a littafin Shata Ikon Allah! na 2006. Amma wanda yake son ya gaji sana'ar, dole ya dubi nasa taron ya faɗi abin da Shata bai gani ba.

Suka ta biyu ita ce ta kuɗi. Za a ce ba ƙaunar adabi ke sa kamfanin ɗab'i ya nemo magaji ba, suna ne da ya riga ya yi kasuwa ake son a ci gaba da tatsa. Wannan gaskiya ne sau da yawa, kuma fitar da littafin Colfer daidai bikin cika shekara 30 ba haɗari ba ne. Sai dai niyyar mai buga littafi ba ita ce ma'aunin littafin ba. Magana Jari Ce aikin hukuma ne, don a samu abin karantawa a makarantu aka ɗauko Imam daga aji. Littattafan da aka laƙaba wa sunan adabin kasuwar Kano kuwa, masu fitowa kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, an yi musu irin wannan zargi a muhawarar da ta cika jaridu a shekarun 1990, inda Malumfashi yake sukar su, Sheme yana cikin masu kare su. Lokaci ya yi alƙalanci irin nasa: na banza sun bi iska, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino sun zauna har ana nazarinsu a jami'a. Ciniki ba ya mai da gwal ƙarfe, ba ya kuma mai da ƙarfe gwal. Abin tambaya shi ne me aka sayar wa mutane, kuma an faɗa musu gaskiyar abin da suke saye ko a'a.

Suka ta uku ta fi taɓa zuciya: ci gaba maras kyau yana ɓata na asali. Mai karatu ya rabu da taurarinsa a wani hali, sai wani ya zo ya aurar da wannan, ya kashe wancan, ya mai da jarumi matsoraci, daga nan ko an koma tsohon littafin ba a jin daɗinsa kamar da. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma tarihi ya nuna asali ya fi ƙarfin wannan. A 1614 wani da ya ɓoye a bayan sunan Avellaneda ya fitar da ci gaban Don Quixote, shahararren labarin barkwanci na Sifen, ba da izinin Cervantes ba, alhali yana raye. Cervantes ya mai da martani da nasa kashi na biyu a 1615, ya yi wa na jabun ba'a a ciki, sannan ya kashe tauraron a ƙarshe don kada wani ya sake tayar da shi. Yau shekara 400 da ɗoriya, na Cervantes duniya take karantawa, na jabun sai masu bincike. Littattafan Adams 5 ma suna nan yadda ya bar su, babu shafin da ya ragu saboda na 6 ya fito. Ci gaba maras kyau kansa yake ci. Mai kyau kuwa yakan tura sabbin masu karatu su nemi tushe. Labaran zane na Asterix a Faransa sun nuna haka: marubucinsu Goscinny ya rasu a 1977, mai zanen, Uderzo, ya ci gaba shi kaɗai, sannan a 2013 ya miƙa wa Jean-Yves Ferri da Didier Conrad, jerin kuma yana raye har yau.

Inda suka take da cikakken iko shi ne inda mai gona ya bar wasiyya. Terry Pratchett, wani gwanin barkwanci na Ingila, ya rasu a 2015 bayan ya nemi a lalata ayyukan da bai ƙarasa ba. A 2017 aka ɗauko ma'ajiyar kwamfutarsa aka sa motar daɓe titi ta bi ta kanta a bainar jama'a, 'yarsa kuma ta ce ba za a ƙara wani littafi a jerin nasa ba. Hergé, mai labaran Tintin, shi ma bai so wani ya ci gaba bayansa ba, kuma tun rasuwarsa a 1983 ba a yi ba. Wannan haƙƙi ne, kuma Bahaushe ya san nauyin wasiyya. Abin da ya halatta aikin Colfer shi ne Adams ya nuna yana son littafi na 6, iyalinsa kuma suka yarda. Doka ma a nan ta tsaya. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta kare aikin adabi har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da marubuci ya rasu. Abubakar Imam ya rasu a 1981, don haka Alhaji Imam da Malam Zurƙe da Waziri Aku suna da masu su har ƙarshen 2051. Gizo da Ƙoƙi dajin kowa ne, duk mai ba da tatsuniya yana shiga ya yi itace. Gonar Imam kuwa sai da sallama, a nemi iyalinsa da masu riƙe da haƙƙin bugawa. Wannan tunatarwa ta zama dole a zamanin da labari yake yawo a WhatsApp da YouTube, ana cire sunan mai shi, wani lokaci ma a ɗora masa ƙarshen da bai sani ba, ga kuma manhajojin da za su iya kwaikwayon salon kowa cikin ƙiftawar ido.

Idan aka tattara, sharuɗɗan magaji na gari uku ne, kuma dukkansu tahamisi ya riga ya koya mana su. Na farko izini, daga marubucin ko daga magadansa. Na biyu suna: a rubuta a bango ƙarara cewa wane ne ya rubuta, a kan duniyar da wane ya ƙirƙira, kada a sayar wa mutane tusa a matsayin turare da sunan mamaci. Na uku shi ne wanda aka fi karyawa, wato magaji ya yi magana da bakinsa. Ya san gonar ciki da bai, ya san inda ruwa yake kwanciya da inda tsakuwa take, kada ya mai da Malam Zurƙe salihi ko ya sa Aku ya rasa abin faɗa. Amma idan ya zo ba da dariya, ya ɗauko ta daga zamaninsa. Wanda ya cika biyu na farko ya bar na uku bai yi sata ba, amma ya yi aikin banza, domin ya ba mu hoton abin da muke da asalinsa a kan kanta.

Saura suka ta ƙarshe, wadda ta fi kowace sauƙin faɗa: me ya sa ba za a bar matattu su huta ba, kowa ya ƙirƙiri nasa? A ƙasar da littattafan barkwancin kimiyya suka cika kanti, wannan magana tana da ƙarfi. A Hausa kuwa matsalarmu ba yawan magada ba ce, rashinsu ne. A 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauke mutane a kan wata har Shata ya yi masa waƙa, kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaro Kilba da baƙonsa daga sama, Kolin Koliyo, wanda ya ɗauke shi yawo a jirginsa. Ƙofa ce aka buɗe tun fiye da shekara 50 da suka wuce, amma masu shiga ta ba su da yawa. Soyayya da labaran jarumta na takobi da aljanu suka kwashe kasuwa. Gonar da ba a nomawa saura take zama, daga saura kuma sai daji. Matashin da ya fara da duniyar da wani ya gina ba ragwanci ya yi ba. A gandu ake koyon noma kafin a yanka wa yaro gayauna, Imam kansa ma da irin wasu ya fara.

Kayan aikin kuwa ba su da nisa. Barkwancin Adams ba a kan taurari yake ba, a kan ɗan Adam ne da ya tsinci kansa a hannun tsarin da ba ya jin magana, kuma mutanen wannan yanki sun san wannan hali fiye da yadda shi ya sani. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. Mutum yana riƙe da na'urar da za ta iya haɗa shi da Makka ko Amurka, amma sai ya shiga mota ya yi tafiya mai nisa, ko ya hau tudu yana ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa, kafin ya ji muryar ɗan'uwansa da ke Kaduna. Ba abin wasa ba ne, rayuka da dukiyoyi ne a ciki. Amma Bahaushe bai taɓa jiran wuya ta wuce kafin ya yi mata ba'a ba, kuma a rumfunan kasuwar garin Sheme da majalisun masu shayi an yi dariyar da ta sa aka iya haɗiye ɗacin. Idan wata rana marubuci daga wannan yanki ya nemi izini ya dawo da Kolin Koliyo, ya saukar da jirginsa a gefen gonar masara, ya sa shi neman inda zai kama layi ya sanar da gida cewa ya iso lafiya, ba muryar Umaru Dembo za mu ji ba, kuma bai kamata mu nema ba. Za mu ga inda kunyar 1969 ta tsaya da inda sabuwa ta fara, mu kuma gode Allah da gonar ba ta koma daji ba.